Tabon Unguwar Faru

Ranar nan ina kishingiɗe a zaure sai ga Sanusi, jikana, ya shigo da abokansa na makarantar likitanci, kowa baki a sake. Wannan ya ce shi likitan ido zai zama, wancan ya ce shi sai fiɗa, wani siriri mai tabarau ya ce ƙwaƙwalwa zai karanta. Can ɗayansu ya tuna akwai tsoho a wurin, ya ce, "Baba, an ce kai ma ka yi aikin asibiti zamanin Turawa. Wane fanni?" Kafin in buɗe baki ja'irin jikan nan nawa ya riga ni. Ya ce, "Fannin karce. Mai lamba ne. Ya kama hannun mutum ya ja mashi layi biyu, shi ke nan an tashi aiki." Suka kwashe da dariya. Na bar su suka gama, don ba a yi wa jika fushi a gaban baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce ku zauna in gaya muku yadda karcen yake.

Wannan rabe-raben aiki da kuke taƙama da shi, mu ma muna da namu a Kankiya, sai dai ba mu da manyan sunaye. Likita Bature ne, daga Katsina yake zuwa rangadi, ya duba abin da ya fi ƙarfinmu ya koma. Dispensa shi ne mai ɗakin magani, nasa ne gyambo da zazzaɓi da ciwon ido. Duba-gari nasa ne rijiya da salga da mahauta da randar ruwa. Akwai malamin kutare, akwai ungozomar En'e, wato ta hukumar sarki, akwai malamin dabbobi da ke bin rugage. Ba mai shiga gonar wani. In na ga gyambo a ƙauye ba na taɓawa, sai in ce a kai shi wurin dispensa, shi ma in ya ga yaro ba lamba sai ya turo mini. Duk cikinmu ni kaɗai ne aikina yake kan mutum mai lafiya. Marar lafiya shi ke neman mai magani. Mai lafiya kuwa, ka je ka same shi yana cin tuwonsa, ka ce ya miƙo hannu ka sa masa ciwon da zai hana shi ɗaga fartanya, saboda wata cuta da bai gani ba tukuna. Ku gwada wannan ku zo mu yi dariyar tare.

Cutar ita ce agana. Ku ba ku san ta ba, Allah kada ya nuna muku. A lokacinmu ko sunanta ba a kira a ƙauye, sai a ce ado, ko a ce baƙo ya sauka gidan wane. Tana zuwa da rani. Ta fara da zazzaɓi da ciwon baya, sannan ƙuraje su feso tun daga fuska har tafin ƙafa. Wanda ta bari da rai ta bar masa zanzana, wani ta tafi da idonsa. Lamba ce kaɗai abin da ke tare ta, kuma sai an yi kafin ta shiga jiki.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Malam Bawa, gajere mai faɗa, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin goro. Ranar da aka kai ni wurinsa bai ba ni hannun mutum ba, ɗanyen duma ya ba ni da tsinken lamba, wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki. Ya ce in karce fatar duman kada in bari ya yi ruwa. Na karta, ya yi ruwa. Ya ce, "Ka kashe ɗan mutane, sake." Haka na yi ta ɓata masa duma har matarsa ta fara ƙorafi. Dalili shi ne, in jini ya fito ya wanke maganin, in kuma karcen bai shiga ba maganin ya bushe a banza. Tsakanin nan ake so, inda fata za ta yi fari-fari da ɗan ja kaɗan. Hannun jariri daban, na manomi da rana ta gasa daban, na tsohuwa da fatar ke bin tsinke daban.

Bayan hannu sai ya koma kan yatsa. Ranar kasuwar Kankiya ya zaunar da ni gindin durumi, ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya riƙa kamo mutane yana ɗora babban yatsana a dantsensu. "Mi ka ji?" In ce tabon lamba. "Ƙarya kake, ƙuna ce." Wani ya zo, in ce ƙuna. "Gyambo ne ya warke, sakarai." 'Yan kasuwa suka mai da ni abin kallo. Amma a hankali yatsan ya waye. Tabon lamba na gaske ya ɗan lotsa, kuma cikinsa akwai 'yan ramuka ƙanana, in ka shafa sai ka ji kamar bayan ɓawon lemo. Tabon ƙuna sumul yake, yana santsi. Malam Bawa ya ce ido yana ganin abin da aka nuna masa ne, don haka kada in kuskura in wuce hannu ban taɓa ba.

Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba: tsinke, 'yar fitilar da nake ƙona bakinsa bayan kowane mutum, auduga, sabulu, da maganin kansa. Maganin a cikin wasu 'yan kwalabe sirara yake zuwa daga kudu, mai kauri, ruwan man shanu. Shi ne masifar aikin, don rai gare shi, kuma zafi na kashe shi. In ya mutu ba ya canja kala, ba ya wari, ba ya gaya maka. Sai ka yi wa gari guda, ka dawo bayan mako ka tarar ba hannun da ya tashi. Saboda haka a cikin ɗan tulu nake ɗaukarsa, na naɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara, na ɗaure bayan keke. Duk rijiyar da na wuce sai na tsaya na jiƙa. Na sha kwana da ƙishirwa a hanyar Kusada don na ba tulu ruwan da ya rage.

Masu karɓar lamba kuwa, Allah ya yi su iri-iri. A Tafashiya na taɓa shiga gida aka ce ba yara, duk sun tafi biki. Ina shirin fita sai rumbu ya yi atishawa. Na ce da maigidan, "Dawar taka mura take?" Sai ya hau rumbun ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, fari fat da ƙaiƙayi. Wasu su bari ka yi, kana juya baya uwar ta matse lemun tsami a wurin, ko ta goge da toka. Don haka ba na sakin yaro sai na zaunar da shi inuwa maganin ya bushe a gabana. Fulanin wajen Kaikai su ne masu sauƙi. Sun ga abin da allurar malamin dabbobi ta yi wa shanunsu, ardo da kansa yake jera mini mutanensa, a ƙarshe a cika ni da nono. Duk wannan wasa ne, na saba da gudu da ɓuya da zagi. Wurin da ya ba ni tsoro shi ne wurin da ba wanda ya gudu.

Bayan Dudunni akwai wata 'yar unguwa, gidaje ba su kai ashirin ba. Ba zan faɗi sunanta na gaskiya ba, mu ce Unguwar Faru, don akwai wani babban faru a bakinta. Malam Bawa ya tsufa ya bar mini ƙasar Kusada, na je can da farkon damina, an yi shuka ana jiran noman farko. Da hantsi na isa. Ban aika ina zuwa ba, amma na tarar da su a gindin farun nan a jere, maza gefe, mata gefe, yara a gaba. Kowa ya riga ya naɗe hannun riga, ya juyo mini dantsen hagu. Ba mai magana. Ko yaran ba su motsi. Na jingine keke, na yi sallama, suka amsa da murya ɗaya suka sake yin shiru.

Mai unguwa ya matso ya ce, "Sannu da hanya, Malam. Ka sha wahalar banza, mu an yi muna. Wani ya zo daga wajen ƙasar Kano bara kahin girbi, ya yi ma kowa. Duba ka gani."

Na duba. Kowane hannu da tabonsa, kewayayye, kyakkyawa. Abin da ya fara damuna shi ne kyan nasu. Lamba ba ta fita iri ɗaya, wani nasa ya yi faɗi, wani ya tsuke, wani ya karkace don ya sosa. Waɗannan kuwa girmansu ɗaya, wurinsu ɗaya, tun daga tsoho mai furfura har yaro mai koyon tafiya. Na bi layi ina kallo. Sai na zo kan wata yarinya, ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, goye da jariri. Ta juyo mini nata hannun, sannan ta sassauta zani ta zaro hannun jaririn ta nuna mini. Shi ma da nasa. Yaron ko zama bai fara ba. Na ce, "Wannan yaushe aka haife shi?" Ta ce, "Da sanyin nan da ya wuce." Mai lambar da ya zo bara kafin girbi ya yi wa yaron da ba a haifa ba ke nan.

Na ɗora babban yatsana a hannun jaririn. Sumul. Na ɗora a na yarinyar. Sumul. Na koma farkon layi na bi su duka, har mai unguwa, ina shafawa suna kallona. Babu tabon lamba ko ɗaya a unguwar nan. Duk ƙuna ce.

Na ce, "Mai unguwa, ranka ya daɗe, wa ya ƙona ku?"

Ba shi ya amsa ba. Wani dogon mutum ya fito daga layi, da zabira rataye a kafaɗa, ya ce, "Ni ne." Wanzamin unguwar ne, ana ce masa Wanzam Magaji, kuma shi ne uban yarinyar da jaririn. Bai yi wani ɓoye-ɓoye ba. Ya ce da kan ƙusa yake yi, ya sa a wuta ya yi ja, ya ɗan ɗosana, ya shafa man shanu. Ya ce, "Malam, shekarun baya an yi muna irin taku da damina. Hannuwa sunka kumbura, gonaki sunka ci ciyawa, munka yi yunwa. Ɗiyan ƙanena guda ya yi zazzaɓi bai tashi ba. Kuma kai ka sani, wanga abu da kuke sawa, jinin baƙon ne. Wa ka kiran baƙo da hannunai? Hukuma tabo take son gani, to ga tabo. Ni ban cuci kowa ba."

Na yi magana har bakina ya bushe. Na ce tabon ba shi ne maganin ba, shaida ce kawai cewa magani ya shiga. Na ce baƙon ba ya duba hannu kafin ya shiga gida. Suna saurarena cikin ladabi, ba wanda ya musa, ba kuma wanda ya miƙo hannu. Da sun zage ni da na fi jin daɗi. Mai unguwa ya ce, "Mun ji, Malam. Bari a yi girbi. Yanzu hannu ɗaya in ya kwanta, gida guda ya kwanta." Ni kaɗai ne, ba ɗan doka, ba takardar hakimi, kuma ba a danne mutum a yi masa lamba a kan tabo.

Ina ɗaure tulu sai yarinyar nan ta matso. Sunanta Hanne. Ta ce, "Malam, mi kake lalube da yatsa?" Na naɗe hannun rigata na nuna mata nawa. Ta sa yatsa ta shafa, ta koma ta shafa nata, ta sake shafa nawa. Ta ce, "Naka da ramu." Uban ya daka mata tsawa daga nesa, ta ja baya. Da na hau keke na waiwaya, suna nan tsaye a jere yadda na same su, ba wanda ya sauke hannun rigarsa.

Na kai maganar wurin dispensa, ya kai gaba, aka ce a bari a gama girbi a haɗa ni da ɗan doka. Girbi na ƙarewa baƙon ya riga mu. Ya fara ta kasuwanni, ya bi hanyar mota, kafin a ce me ya cika ƙasar. Wannan ita ce muguwar shekarar. Duba-gari ya kafa bukkoki bayan gari yana ware masu ciwo, dispensa ba ya zama, ni kuma aka ce in fara da manyan garuruwa, don maganin ba ya isa. Mutanen da ke ɓuya a rumbu su ne yanzu suke rige-rigen miƙo hannu. Kullum na tambayi Unguwar Faru sai a ce ai su duk suna da tabo, a fara da marasa shi. In ce ƙuna ce, a ce to, in magani ya ƙaru. Abin yana cina a rai, ina yi wa wasu ina tunanin layin nan na gindin faru.

Ranar kasuwar Dudunni ina aiki sai wata Bafillatana mai tallan nono ta tsaya kaina. Ta ce ta daina kai nono Unguwar Faru. Na ce me ya sa? Ta ce ta je ta yi ta kira ba wanda ya fito, kuma tun daga nesa ba ta ji ƙarar turmi ba. Na sallami sauran layin na ce su dawo gobe, na ɗaure abin da ya rage a tulu na kama hanya.

Rana tsaka na isa. A kan farun ungulaye ne jere, ba su ko tashi ba da na wuce ƙarƙashinsu. Al'adar mutanenmu ce a wancan lokaci, in baƙo ya sauka ba a daka, ba a suya, ba a ɗaga murya, ko mutuwa aka yi ba a kuka da ƙarfi, wai kada ya fusata ya ƙara zama. To ku ɗauka unguwa guda ce kowane gida ana wannan shirun. Kaji na yawo cikin zaure. Akuya ɗaure ta cinye igiyarta rabi. Ga wani wari mai zaƙi-zaƙi da duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai agana ba ya manta shi. Na yi sallama a gida uku, a na ukun na ji an amsa can ciki da raɗa, amma ba wanda ya fito. A bayan masallaci na ga mutum biyu suna wankan gawa, su ma da ƙyar suke tsaye. Hannun mamacin ya zamo daga kan tabarma. Duk jikin ƙuraje ne sun haɗe, sai wurin tabon nan ne kaɗai ya rage fes, kewayayye, yana ƙyalli.

Wanzam Magaji na zaune a ƙofar zaurensa, ya jingina da bango. Ƙurajen sun fara feso masa a goshi. Da ya gan ni sai ya naɗe hannun riga ya miƙo mini dantse, kamar ranar farko. Na durƙusa na ce, "Wanzam, kai naka ya wuce nan. In ya riga ya shiga, lamba ba ta korarsa." Ya ce, "Na sani. So nike in ji ko da zahi." Sannan ya sauke hannun ya ce, "Uwarsu ta tahi shekaranjiya. Hanne na ɗaka. Yaron na rumbu."

Na ce, "Rumbu?"

Ya ce, "Ita ta kai shi. Da ta ji kanta ya hwara ciwo ta ce kada kowa shi taɓa shi sai mai tabo da ramu. Wata tsohuwa da ta yi ado tun tana yarinya ita ka miƙa mashi kunu."

Na hau rumbun na leƙa. Yaron na zaune kan dawa, ya yi kuka har muryarsa ta ƙare, yana kallona da ido kawai. Na taɓa jikinsa, ba zafi. Na fito da shi inuwa, na ƙona tsinke, na yi masa a hannun dama, don hagun na ɗauke da tabon ubansa. Allah ya taimake ni karcen bai yi jini ba. Daga nan wanzamin ya dafa bango ya miƙe, ya bi ni gida gida yana cewa da raɗa, "Ku hito, ni ne Magaji. Abin da na yi maku ba shi ba ne. Ku ba shi hannu." Duk wanda jikinsa bai yi zafi ba na yi masa, har maganin ya ƙare. Ba su da yawa.

Kafin in tafi na leƙa ɗakin Hanne. Fuskar ta kumbura, idanun sun manne. Ta ji motsi ta ce, "Wane ne?" Na ce mai lamba ne. Ta ce, "Ka yi mashi?" Na ce na yi. Ta ce, "Mai ramu?" Na ce in Allah ya so. Wannan ba aikina ba ne kuma, na dispensa ne da duba-gari, na koma na turo su.

Da na dawo dubawa hannun yaron ya tashi, ƙurji mai cibiya a tsakiya, yadda ake so. Wanzam Magaji an binne shi, mai unguwa ma haka. Waɗanda suka rage suka watse cikin dangi, unguwar ta zama kufai, har yau in ka bi ta wurin farun kaɗai za ka gani. Hanne ta tashi, da zanzana, ba ido.

Sai wata masifar ta biyo baya. Masu wankan gawa sun ga tabo a hannun mamata, magana ta bazu cewa masu lamba ma mutuwa suke yi, har sun fi mutuwa. Layina ya fara raguwa a tsakiyar annoba. Na yi rantsuwa na gaji, wa zai yarda da mai lamba yana yabon lamba? Ranar wata kasuwa ina zaune ba kowa gabana sai ga Hanne, gwaggonta na jan ta da sanda, ƙanen a goye. Ta zauna kusa da ni ta naɗe hannu. Duk matar da ta zo wucewa sai ta ce, "Inna, zo ki taɓa nawa. To taɓa na yaron nan. Kin ji? Nawa babana ya yi mani da ƙusa. Ki dubi idona." Mata suka riƙa taɓawa suna salati, suna komawa gida su ɗauko 'ya'yansu. Ta bi ni kasuwanni har ruwa ya sauka cutar ta lafa.

Ranar da muka gama, na zo wanke tsinke, sai ta miƙo hannu ta ce, "Saura ni, Malam." Na ce ke ai kin gama da shi, wanda ya yi ado ba ya sake yi, kuma lamba ba ta kama shi. Ta ce ta sani. Ta ce, "Ba don ciwon ba. Ba ni son ranar da za a wanke ni a tarar da ƙarya a hannuna. Ka yi mani ta gaske bisa ta babana, ta ruhe ta." Akwai ɗan abin da ya rage a gindin kwalba wanda zubarwa zan yi. Na yi mata a kan tabon, da kyau, yadda Malam Bawa ya koya mini. Bayan mako ta zo da kanta. Wurin ya warke kamar ba a taɓa ba.

Ta yi aure a Kusada, ta haihu. Kowane ɗa ni na yi masa, kuma ba ta yarda da maganata sai ɓawon ya faɗi ta sa babban yatsa ta ji ramukan da kanta. In na ce ya kama ta ce, "Bari in duba." Kuma duk shekarar da na sauka Kusada, in layi ya ƙare, rana ta yi sanyi, zan ɗaga kai in gan ta tsaye ita kaɗai a inda layin yake, hannun riga a naɗe, ta juyo mini dantsen hagu. In yi mata da ragowar kwalba. In na dawo dubawa ta riga ni shafawa, ta ce, "Bana ma bai kama ba, Malam. Sai baɗi." Turawa suka tafi muna haka. Furfura ta fito mata muna haka.

Shekarar da na je ban gan ta a ƙarshen layi ba, ƙanen nata ne ya zo, wanda na ciro daga rumbu, ya zama magidanci. Ya ce ta rasu da kaka. Ya ce da ciwon ya yi tsanani ta riƙa shafa hannun tana tambaya ko mai lamba ya iso.

To Sanusi, kai da abokanka, wannan shi ne fannin karce. Na yi wa mutanen da ban san iyakarsu ba, ya kama. Mutum ɗaya ce ta roƙe ni da bakinta shekara da shekaru, ita kuma na kasa. Da tabon ubanta aka binne ta, sumul.